ABCD, ba-bi-bu ko kwaɗo da ƙato: da wanne za a buɗe wa yaro karatu?

Dogon hutun da ya wuce na sauka gidan ƙanwata a Badariya, cikin Birnin Kebbi. Ko ruwa ban gama sha ba ta ƙwala wa ɗanta kira, ɗan shekara biyar ba 'yan watanni, wai ya zo ya yi wa Kawu karatu. Yaro ya harɗe hannu a ƙirji, ya ɗaga kai sama, ya rero ABCD daga farko har ƙarshe ba ko tuntuɓe. Aka yi masa tafi. Ni kuwa da yake sana'ata ce, na daɗe ina riƙe da aji ɗaya a wata firamare ta ƙauye a ƙasar Argungu, sai na ɗauki gawayi a bakin murhu na rubuta "gida" a simintin tsakar gida. Ya duƙa ya duba ya ce, "Ji, ai, di, ei." Na ce madalla, to me suka ce gaba ɗayansu? Sai ya juya yana kallon uwarsa.

Ta ce, "Yaya, ka dai gani da idonka. Shekara guda muna biyan kuɗi, shina zuba kamar rediyo, amma ko sunanai bai iya karantawa. Mi za mu yi? Mu sake mai makaranta ko mu bar shi nan?"

Hanya huɗu ce a gabanta, kuma su ne a gaban yawancin iyaye da malaman ƙananan aji a jihar nan. Akwai ta makarantar da yake ciki, wato haddar sunayen haruffan Turanci. Akwai ba-bi-bu ta Hausa, wadda ake yi a firamaren gwamnati da ke bayan layinsu. Akwai wata makarantar kuɗi da ta rubuta Jolly Phonics ɓaro-ɓaro a allon ƙofarta. Ta huɗun ba ta da allon ƙofa balle kuɗin zango: wasan harshe irin wanda kakanninmu suka yi da mu da dare, karya-harshe da zaurance da kacici-kacici, a ɗan juya shi ya zama darasi.

Ta farkon ba sai mun daɗe a kanta ba. Yaron bai yi kuskure ba, abin da aka ba shi ya mayar. Kowane harafi yana da suna, yana kuma da murya, kuma da muryar ake karatu. Ko kwana za ka yi kana nanata ji-ai-di-ei, gida ba zai fito ba. Ga ɗan Bahaushe abin ya fi muni, domin sunayen Turancin sun yi karo da wasulanmu kai da kai. Harafin da muke kira e, su i suke ce masa. Namu i, su ai ne a wurinsu. A ya koma ei, u ya koma yu. Huɗu cikin biyar ke nan sun rikice tun ba a je ko'ina ba. C ɗin da muke rubuta ciki da cinya da shi an gaya masa si ne. Sannan ɓ da ɗ da ƙ da 'y ba su cikin waƙar sam, alhali p da q da v da x, waɗanda ba ma rubuta Hausa da su, kowanne ya sami mazauni. Waƙar tana da ranarta, ranar da zai nemi kalma a ƙamus, ko ma'aikacin asibiti ya ce ya jero masa haruffan sunansa ɗaya-ɗaya. Amma yaron da ya riga ya iya karatu cikin mako guda yake ɗauke ta. Ba ta kai a ba ta shekara ba.

Ba-bi-bu, ko ba-be-bi-bo-bu yadda aka yi mana, ita ta raine mu, kuma na lura masu raina ta ba su san dalilin da ya sa take aiki ba. Gaɓar Hausa iri uku ce kacal: baƙi da gajeren wasali kamar da, baƙi da dogon wasali ko tagwayen wasula kamar sha da kai, sai baƙi-wasali-baƙi kamar nan da har. Ba mu da cunkoson baƙaƙe uku a bakin kalma irin na Turanci. Rubutun bokonmu kuma ɗan jiya ne, da kunne aka tsara shi. Hanns Vischer, wanda aka fi sani da Ɗan Hausa, ya buɗe makarantarsa a Nassarawar Kano a 1909, ya fitar da ƙa'idojin rubutun a 1912, baƙaƙe masu ƙugiya kuma suka shigo a shekarun 1930 ta hannun masu aikin talifi a Zariya. Shi ya sa kusan kowane harafi murya ɗaya gare shi duk inda ka tarar da shi. Turanci kuwa haruffa 26 ne ke ɗauke da sautuka wajen 44, ga tsoffin rubuce-rubucen da furuci ya tafi ya bari. A 2003 Philip Seymour da abokan aikinsa sun gwada 'yan shekarar farko a harsunan Turai 13. Inda rubutu ke bin furuci, kamar Finlan da Girka da Italiya, kafin shekara ta ƙare yawancin yara suna karanta kalmomi daidai. Masu Turanci tafiyarsu ta fi ta sauran jinkiri fiye da ninki biyu, alhali harshen gidansu ne. Hausa tana sahun masu sauƙin. Wanda ya san baƙaƙe ashirin da 'yan kai da wasula biyar, ya iya aurar da su, ya gama da mafi yawan abin da zai tarar a takarda.

Akwai wata riba da ba a cika lissafawa ba. Yaranmu da yawa sun riga sun zauna gaban malamin allo kafin su ga alli. Sun yi babbaƙu, alu, ambaki, wau, zal, wasu sun shiga farfaru, sun san wasali bisa da wasali ƙasa da rufu'a. 'Yan Islamiyya kuma ba, bi, bu ɗin ma da bakinsu suka faɗe ta. Wato sun riga sun gane babban sirrin, cewa baƙi yana nan yadda yake, wasali ne ke sauya masa murya. Ni haka nake gaya musu: wannan a ɗin shi ne wasali bisa, sai dai a boko ba ya hawa kai, gefe yake zama, kuma daga hagu muke tasowa. Sai ka ga idon yaro ya buɗe. Malaman allo ma ai da wasa suka raɗa wa haruffa suna, ha kuri, lam jaye, nun ara, don siffa ta zauna a kan yaro. Ba yau aka fara ba.

Inda ba-bi-bu ke faɗuwa shi ne ita ma tana iya zama waƙa. Na sha nuna bo da tsinke in ga leɓen yaro yana motsi, yana ƙirgowa a ɓoye daga ba har ya iso. Wata rana na goge allo tas ina tsaye a gabansa, aji ya ci gaba da rerawa har layin z, ba wanda ya lura babu komai a rubuce. Daga ranar na daina rubuta su a jere. Ɗaya aibin shi ne bushewa. Malami ya kwashe zango guda yana ca-ce-ci-co-cu da bulala a hannu, yara ba su karanta kalma ko ɗaya mai ma'ana ba, sai su ɗauka karatu wani amo ne da ake yi don kada a sha duka.

Jolly Phonics ta zo ne daidai inda waɗannan biyun suka gaza, kuma ba zan rage mata komai ba. Wata malamar firamare a Ingila, Sue Lloyd, ita da abokiyar aikinta Sara Wernham suka tsara ta, littafin jagoran malami ya fito a 1992. Sautuka 42 take koyarwa, rukuni bakwai, shida-shida. Ba ta bin jerin ABCD, tana farawa da s, a, t, i, p, n, domin da waɗannan shidan kaɗai ana haɗa kalmomin Turanci da yawa tun makon farko. Kowane sauti da labarinsa da 'yar waƙarsa da motsin hannunsa: s hannu yana lanƙwasa kamar maciji, a yatsu suna hawa damtse kamar tururuwa. Murya ake koya, suna sai daga baya. Irin wannan hanya ta haɗa sauti da sauti an bi yara wajen 300 da ita har shekara bakwai a wata gunduma ta Sikotlan mai suna Clackmannanshire, sakamakon ya yi kyau, kuma rahoton da Jim Rose ya rubuta wa gwamnati a 2006 ya sa Ingila ta rungume ta a makarantunta. A nan Nijeriya hukumar ilimin bai-ɗaya ta tarayya, UBEC, da takwarorinta na jihohi, SUBEB, sun horar da malamai da yawa a kanta.

Sai dai rigar an ɗinka ta ne a jikin yaron da ya tashi da Turanci a baki. Ɗan Ingila ya haɗa p-i-n, ya ji kalmar da ya sani, ya yi murna, murnar nan ita ce ladarsa. Namu ya haɗa, ya fitar da amo daidai, bai san ko abin ci ne ko sunan gari ba. Sauti na biyar a jerin, p, babu shi a bakin Bahaushe. Motsin t kuwa kai ne ake juyawa dama da hagu kamar mai kallon wasan tanis, wasan da ɗan ƙauyenmu bai taɓa gani ba, ko da yake malami mai wayo yana musanya shi da abin da yara suka sani. Wasulan Turanci kuma sun fi namu yawa, malamar da ita kanta ba ta rarrabe su a furuci ba za ta iya raba wa yaro su ba. Ga kuɗin littattafai da katuna. Ga kuma abin da na fi jan kunnen iyaye a kai: rubutu a allon ƙofa ba shi ne abin da ke cikin aji ba. Na shiga makarantun da suka rubuta foniks a waje, na tarar da ei-fo-aful a ciki. Gwajin ba wuya. Ka nuna wa malamar m ka ce yaya take koya wa yara shi. In ta rufe baki ta ja "mmm", ta san aikinta. In ta ce "em", allon ƙofar ado ne.

Yanzu ga wadda na fi so, kuma zan faɗi iyakarta da bakina kafin wani ya faɗa mini.

Yaro ɗan shekara huɗu yana magana tsaf, amma bai san maganar guntu-guntu ce ba. A kunnensa "ɓarawo" dunƙule ɗaya ce kamar curin fura. Kafin harafi ya yi masa ma'ana sai ya ji cewa ɓarawo da ɓawo da ɓaure da abu ɗaya suka fara. Wannan jin ba a bayyana shi da dogon bayani, da wasa ake kama shi, kuma Hausa ta tara kayan wasan tun kafin boko.

Ɗauki jini-jini. Jagora ya ce akuya da jini, a amsa, kaza da jini, a amsa, dutse da jini, wanda bakinsa ya suɓuce ya sha dundu. Ni na cire dundun na sauya jinin. "Ɓawo da ɓa?" Aji ya ɗauka, "Ɓa!" "Ɓauna da ɓa?" "Ɓa!" "Bargo da ɓa?" Sai ka ji tsit, ban da mutum uku da suka afka, a yi ta dariya. Bayan kwana biyu sai in jefo ɓera da ɓoye, gardama ta tashi, wasu su ce akwai, wasu su ce babu. Gardamar nan nake nema, domin a cikinta ne yaro ke gano cewa ɓ ɗin ita kaɗai wata aba ce, ko da a ta biyo ta ko e.

Akwai motar Kamba. Ni ne kwandasta, motar kuma ba ta ɗaukar kaya sai mai k. Wannan ya kawo kaza, wancan kabewa, wata kujera, duk su hau. Wani ya zo da ƙwai, kwandasta ya ce a'a, motarka ba ta iso ba tukuna. Gobe motar Bunza ce, jibi ta Jega, gata ta Zuru. Garuruwan jihar nan kaɗai sun isa su kai ka rabin haruffa, yaro kuma ya san su, can gwaggonsa take aure.

Wanda ya fi sa su ihu shi ne in Malam ya yi kuskure da gangan. In shigo in ce, "Yau mota ta tayar da kura a hanyar kasuwa." Sai aji ya kaure, "Malam, ƙura!" In ce to me na ce? Me ya ɓace? A nan nake rubuta k, in ɗora mata ƙugiya a gabansu, su ga da ido cewa ɗan lanƙwasan nan shi ya raba dabbar dawa da abin da ke shiga ido. Haka kaya da ƙaya, baki da baƙi, gada da gaɗa, daka da ɗaka, sara da tsara. Yaron da ya yi dariyar kura ba ya mance ƙugiya, abin da manya da yawa ke yi a waya kullum.

Zaurance kuwa na daɗe ina ganinsa shiriritar 'yan mata kafin in gane darajarsa. Yarinya ta ce wa ƙawarta "zodo mudu tada fidi", wato zo mu tafi, don kada ƙannenta su ji. Dubi abin da ta yi cikin ƙiftawar ido: ta yanka magana gaɓa-gaɓa, ta zare wasalin kowace gaɓa, ta liƙa shi a bayan d. Zo ta ɗauki do, mu ta ɗauki du. Wanda ya iya wannan ya gama aikin kunnen da karatu ke nema. Ga 'yan shekara biyar ya yi nauyi, sai in ba su ƙanensa, juyin gaɓa. Kwali biyu, ɗaya sa, ɗaya ma. A jera su a karanta sama, a musanya su a karanta masa. Daga ta koma gada, kama ta koma maka, rago ya koma gora. 'Ya'yan masunta suna son wannan na ƙarshen.

Karya-harshe, irin su turmi ture kura, kura ture turmi, da na kwaɗo da ƙato da suka tafi neman ƙoto, shi ne ya fi suna, amma a ganina shi ne ya fi ƙarancin amfani ga ƙanana in aka yi shi yadda aka saba, da gudu. Gudu na gwanaye ne. Ni a hankali nake jan na kwaɗo, kowane yaro da tsakuwa a hannu, duk inda ya ji ƙ ya jefa ɗaya a gwangwani. Sauran kuma gajeru nake ƙirƙira musu: Gwaggo ta gwada gwanda a Gwandu. Kaka ta kai kaji kasuwar Koko.

Wani abu kuma da wasa kaɗai ke maganinsa. Boko ba ya nuna tsawon wasali ko hawa da saukar murya, don haka gari da gari, kuka da kuka, fari da fari duk kamarsu ɗaya a takarda. Ba-bi-bu ba ta da abin cewa a nan. Amma yaron da aka saba tsokanarsa da "na je gari sayen gari" da "yaro na kuka gindin kuka" ya san ma'ana ce ke zaɓar murya, in ya karanta bai ji daidai ba zai koma ya gyara.

Iyakar ita ce wasa ba ya koya karatu shi kaɗai. A 1983 Lynette Bradley da Peter Bryant na Jami'ar Oxford sun auna kunnen yara wajen 400 'yan shekara 4 da 5 da ba su fara karatu ba, da wasan gano kalmar da ta fita daban a cikin 'yan'uwanta. Waɗanda suka fi ji su suka fi karatu bayan shekaru. Sai suka ware 65 daga masu rauni suka raba su gida huɗu. Waɗanda aka yi wa wasan sauti tare da haruffan roba da suke taɓawa da hannu su suka fi kowa ci gaba, musamman a rubutu, har suka wuce waɗanda aka yi wa wasan sautin zalla. Abin da na gani a aji ke nan. Ranar da aka yi motar Kamba ba a rubuta k ba, ba a zana ta a ƙasa da yatsa ba, ba a aurar da ita da a da i da u ba, an yi nishaɗi ne kawai. Ban da wannan, wasa ba shi da jeri, malami yana iya shekara yana juya haruffa goma da ya fi jin daɗinsu. A aji mai yara tamanin masu baki ne ke amsawa, mai kunya ya laɓe a bayansu. Ga hayaniya, malamin aji biyu da katanga ɗaya ta raba mu ya sha leƙowa.

Mu a Kabi akwai ƙarin wani abu da littafi ba ya faɗa. Littafin da daidaitacciyar Hausa aka rubuta shi, bakin yaranmu kuwa ya ce kihi, tahi, hwara, biyat, ɗiya. Ka ce a kawo kaya masu f, ɗan Argungu ya rasa, ka ce masu h ya kawo maka hwara da hwata, kuma a kunnensa gaskiya ya faɗa. Malamin da ya tsawata masa ya koya masa kada ya yarda da kunnensa, alhali kunnen muke son ya yarda da shi. Ni jinkirta f nake yi sai sun yi ƙarfi, 'y kuma can ƙarshe, in ya zo in ce musu bakinmu ya ce kihi, takarda ta ce kifi, na cikin miya dai guda ne. Haka kuma ba duk ɗan jihar nan ne ya sha Hausa a nono ba. A Zuru akwai masu C'Lela, a ƙasar Yawuri Kambari da Gungawa, a Dandi da Arewa Zabarmawa da Dandawa, ga Fulani ko'ina. Ɗan Fulani yana da ɓ da ɗ a harshensa, ƙ da ts ne bai saba da su ba. Ɗan Zabarmawa duka ƙugiyoyin sababbi ne gare shi. A irin wannan aji wasan kura da ƙura koyon sabon sauti ne, sai a hana dariyar mutum, a bar dariyar kalma. Sunan nan gagara-gwari da ake kiran karya-harshe ma ba na furta shi a aji, domin da ba'a aka raɗa shi.

Tsoron ƙanwata, kamar na kowa, shi ne Turanci. In ya fara da Hausa ba za a bar shi a baya ba? Manufar gwamnati ma ba ta zauna wuri ɗaya ba: a Nuwamban 2022 aka amince a koyar da harshen uwa duk shekarun firamare shida, a Nuwamban 2025 ministan ilimi ya sanar da komawa Turanci. Tun kafin haka wasu jihohin Arewa sun ga shirye-shiryen karatun Hausa, RANA a Zamfara da Katsina, Mu Karanta a Sakkwato da Bauchi, duka a kan sauti da gaɓa aka gina su. Tun 1970 ma Farfesa Babs Fafunwa ya gwada koyar da yara da Yarabanci a Ife, Turanci yana matsayin darasi, kuma Turancinsu bai faɗi ba. Dalilin a fili yake. Haɗa baƙi sau ɗaya ake koyonsa a rayuwa. Yaron da ya iya da Hausa yana shiga Turanci da b, d, k, l, m, n, s, t, w, z, sh duk a aljihu, muryarsu kusan ɗaya ce can da nan. Abin da ya rage masa wasula ne da c da p da v da 'yan tsirarun da suka saɓa. Turancin kuma a fara shi da baki tun yanzu, gaisuwa, waƙa, sunayen kaya, don ranar da zai haɗa harafinsa ya tarar da kalmar tana jiransa.

To wa zai ɗauki wacce? Malamin da ba shi da komai sai alli da yara cike da ɗaki, ba-bi-bu ce ƙashin bayansa, amma a hargitse, da wasan minti biyar zuwa goma a gaba, da kalma ta gaske a ƙarshen kowane darasi. Da a, n, m, k kaɗai yara suna karanta nama, kaka, mama, kama, har da jimla sukutum, kaka na nan, tun makonnin farko. A fara da baƙaƙen da ake iya ja, m, n, s, sh, z, domin b da d da k ba sa faɗuwa su kaɗai sai da wasali a wutsiya, gara a koya su cikin gaɓa. Uwar da ba ta yi boko ba, wasan nata ne, ba ya neman takarda, kaka ma ta fi kowa iyawa, yayan yaron sai ya zana harafin a ƙasa. Ɗan ƙasa da shekara huɗu a bar shi da wasa zalla, fensir ya jira. Wanda ya kai tara ko goma bai iya ba, motar Kamba ta yi masa yarinta, a kai shi kai tsaye ga kwalayen juyin gaɓa da wasan suna, gari, dabba, abinci. Wanda kuwa yake makarantar da ake foniks na gaske, a bar shi can, a ƙara masa Hausa a gida, a riƙa gaya masa wannan muryar Hausa ce, waccan ta Turanci.

Gwajin da nake ba iyaye daga Ingila na aro shi, inda tun 2012 ake ba 'yan aji ɗaya kalmomi 40 su karanta, rabinsu na ƙarya ne da ba su da ma'ana. Rubuta nibo ko zelu. Mai hadda zai tsaya, mai haɗa baƙi zai wuce, ya kuma tambaye ka mene ne nibo.

Ƙanwata ta je makarantar mai allon ƙofa ta nuna m, malamar ta rufe baki ta ja. Ta mayar da shi can, da sharaɗin minti goma na Hausa kullum bayan magariba, ita kwandasta, yayarsa mai gawayi. Da na koma wajen wata huɗu bayan nan, na sake ɗaukar gawayin na rubuta kalma a wuri ɗaya da na farko. Ya tsuguna, ya ɗora yatsa, ya ce "ki", ya matsa, ya ce "fi". Ya maimaita, ki, fi, yana yamutsa fuska. Can sai ya miƙe zumbur ya ruga madafa yana kiran uwarsa, "Inna, Inna, Kawu ya rubuta kihi!"